Wa Zai Biya Mai Masauki?

Duk wanda ya taɓa kai maras lafiya asibiti a birnin Lome ya san tagar nan da ake kira kes. Ƙaramar taga ce mai ragar ƙarfe, a bayanta ma'aikaci yana zaune da littafin rasiti da hatimi. Kafin likita ya ɗora hannu a goshin yaro, sai an bi ta wurin an yanki kati. In likita ya ce a gwada jini, sai a komo a biya. In ya rubuta magani, sai a sāke komowa. Uwar da ta bar tirenta a kasuwar Agoe-Asiyeye, ta goyo ɗanta mai zazzaɓi ta hau babur, takan tsaya gaban tagar nan sau uku kafin ƙwayar magani ɗaya ta shiga bakin yaron. Kowace tsayawa kuwa sai ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ya saura. Haka abin yake a asibitin gwamnati, haka yake a na 'yan kasuwa. Abin da ya kamata ya hana Kirista barci shi ne, haka yake kuma a yawancin asibitocin da ake kira da sunan waliyyai, da gicciye a rataye bisa tagar.

A 'yan shekarun nan masu riƙon asibitocin Ikkilisiyar Katolika, daga Roma zuwa Amurka har ƙasashen Afirka, sun yawaita magana a kan manufa. Da wuya a shiga asibitin mishan ba a ga allo a bango ba, an rubuta cewa gidan nan yana bin sawun Yesu mai warkarwa, yana karɓar kowa ba tare da duban addini ko kabila ko aljihu ba. Ana tara ma'aikata ana koya musu sakin fuska da taushin harshe, ana buɗe aikin safe da addu'a. Duk wannan yana da kyau, ba mai hankalin da zai kushe shi. Sai dai allon a bango yake, maras lafiya kuwa ta tagar biya yake shiga. Wanda yake so ya auna jinƙan asibiti, ya sami benci kusa da kes ya zauna daga safe zuwa azahar, ya lura da waɗanda suka juya suka fita da takardar magani a naɗe a hannu. Ba mai rubuta sunayensu. A rahoton ƙarshen shekara ana ƙirga waɗanda aka duba, da waɗanda aka yi wa tiyata, da jariran da aka haifa. Waɗanda suka koma gida daga bakin taga ba su da layi a littafin.

Ya kamata mai karatu na nesa ya san ko su wane ne mutanen nan. Zongon Lome na farko a tsakiyar gari yake tun zamanin Jamus, masaukin fataken goro da na shanu. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe jama'a zuwa bayan gari ta arewa, wajen kilomita 15, a gefen babbar hanyar da ta nufi Atakpame da Sokode har Burkina Faso. A lokacin wurin kusan daji ne. Yau gari ya bi su ya cim musu, har ƙidayar 2022 ta nuna lardin Agoe-Nyive ya haura mutum dubu 800. Asiyeye da harshen Ewe sabuwar kasuwa ke nan, kuma daga kasuwar zuwa Zongo hanya ɗaya ce, jama'a ɗaya ce ke kai da kawowa: Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, Yarabawa, mahauta, dillalai, direbobin manyan motoci, masu talla. Hausa ce ke haɗa yawancinsu, Musulunci kuma shi ne addinin mafi yawansu. Gefen Zongo ƙasa ce mai kwari kusa da kogin Zio, da damina ruwa yakan kwanta, sauro ya yi sarauta. Waɗannan su ne maƙwabtan da Allah ya ba Kiristocin Agoe.

Kafin suka, a ba kowa haƙƙinsa. Masu bishara na Katolika sun sauka Lome a watan Agusta na 1892, tun daga nan kuma makaranta da ɗakin magani ba su rabu da majami'a ba. Mafi shahara a aikin jinya a wannan yanki su ne 'Yan'uwan Waliyyi Yohanna na Allah. Shi wannan Yohanna an haife shi a Fotugal a 1495, ya yi kiwo, ya yi soja, ya yi tallan littattafai. Da ya tuba a birnin Granada na ƙasar Sifen, zafin tubansa ya sa aka ɗauka ya haukace, aka kulle shi a asibitin sarki, aka yi masa bulala, gama maganin hauka ke nan a zamanin. Da ya fito sai ya kama gida haya yana kwaso marasa lafiya daga titi, wani ma a bayansa yake goyo shi, da dare kuma ya ɗauki kwando da tukwane ya bi gari yana bara domin ya ciyar da su. Magajinsa ne suka buɗe asibitin Afanyan a kudu maso gabashin Togo a 1964, inda yara masu yawa da shan inna ya naƙasa suka miƙe a kan ƙafafunsu bayan tiyata. Su ne kuma suka buɗe na Tangiyeta a arewacin Benin a 1970. A can Burada Florent Priuli, likitan tiyata ɗan Italiya wanda ya fara aiki a Afanyan a 1969, ya ƙulla abota ta shekaru masu yawa da gidan Shehun Tijjaniyya na Kiota a ƙasar Nijar, har marasa lafiya suna tasowa daga can da wasiƙar Shehu a hannu. A Agoe-Nyive kanta 'Yan'uwan suna da cibiyar kula da masu taɓin hankali, a ƙasar da tsohon asibitin gwamnati na wannan ciwo yake can Zebe ta Aneho, ƙasar da kuma aka sha samun masu ciwon a ɗaure da sarƙa jikin itace a wasu sansanonin addu'a. A Dapaong, Sista Marie Stella ta kafa ƙungiyar kula da masu ƙanjamau da marayunsu a 1999, lokacin da ko dangi gudun mai ciwon suke yi. Wanda ya ce Ikkilisiya ba ta yi kome ba bai yi adalci ba.

To, ina tagar ta fito? Ba mugunta ce ta gina ta ba. Asibitin mishan na dā yana tsaye ne bisa ƙafa biyu: Sistoci da Buradoji waɗanda ba su karɓar albashi, da kuɗi da kwalayen magani da ke zuwa daga majami'un Turai. Ƙafafun nan biyu duk sun yi sanyi. Turawan mishan sun tsufa, waɗansu sun koma gida, waɗansu suna kwance a maƙabartun mishan, majami'un da suka aiko su kuma sun ragu da mutane. Waɗanda suka maye gurbinsu ma'aikata ne masu iyali, dole a biya su ƙarshen wata, kuma hakkinsu ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu domin kada ɗakunan magani su zauna wayam. A 1993 Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Togo saboda rikicin siyasa, ba ta komo sosai ba sai 2007. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Sista mai riƙe da asusun asibiti, wadda ke da kuɗin lantarki da man janareta da albashin nas-nas a wuyanta, ba ta da wata hanya sai ta sa taga. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asibitin da ya rufe ba ya jinƙan kowa.

Saboda haka laifin ba na mai zama bayan taga ba ne, kuma yawan koya masa murmushi ba zai gyara kome ba. Kuskuren yana cikin yadda ake karanta misalin da duk asibitocin nan suke taƙama da shi, wato na Basamariye mai kirki a Luka sura 10. Masu wa'azi sukan daɗe a kan man da ruwan inabin da ya zuba a raunuka, da jakin da ya ɗora mutumin a kai, sa'an nan su yi sauri su wuce ƙarshen labarin. Alhali a ƙarshen ne Ubangiji ya sa maganar kuɗi. Basamariyen ya kai mutumin masauki, washegari ya fitar da dinari biyu ya ba mai masaukin, ladan aikin ɗan ƙodago na kwana biyu ke nan, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da za a ƙara kashewa in ya komo. Mutum uku ne a wannan ɗaki: wanda aka sassare, da mai masauki, da mai tsaya masa. Mai masaukin bai yi aikin banza ba, an biya shi. Wanda aka sassare bai biya ko anini ba, domin 'yan fashi sun tuɓe shi. Abin da ya sa jinyar ta yiwu shi ne na ukun, wanda ya ba da kafin alkalami ya kuma ce a rubuta sauran a kansa.

Asibitin mishan na yau mai masauki ne. Yana da gado, yana da ma'aikata, yana da kuɗin da dole ya fitar. Shekara da shekaru Basamariyensa yana Milan ko Kolon ko Liyon, yana aiko da dinari ta gidan waya, har Kiristocin ƙasa suka saba da ganin jinya aikin Turawa ne da Sistoci. Da wancan ya daina zuwa, ba wanda ya hau jakinsa. Sai mai masauki ya juya ga wanda aka sassare ya ce ya lalubi aljihu. Allon da ke bango yana ta kiran asibitin Basamariye, ba wanda ya tambayi jama'ar da ke cika coci ran Lahadi ina dinarinsu biyu.

Kada a ce talauci ne kaɗai ke jawo haka. A Amurka akwai ƙungiyar asibitocin Katolika mai suna Providence, wadda ta samo asali daga Sistocin da suka isa yammacin ƙasar a 1856 suna bara a sansanonin masu haƙar ma'adinai domin gina asibiti. Ta bunƙasa har ta mallaki asibitoci sama da 50, da ofisoshi na musamman masu lura da manufa. A 2022 jaridar New York Times ta fallasa yadda aka koya wa ma'aikatanta matsa wa marasa lafiya su biya, har da matalautan da dokar jihar Washington ta ce a duba su kyauta ko da rangwame, aka kuma tura wa waɗansunsu masu karɓar bashi. A 2024 ƙungiyar ta amince ta mayar da kuɗi ta kuma yafe basussuka, jimla wajen dala miliyan 158, ga mutane kusan dubu 100. Takardar manufarsu ba ta da aibi ko ɗaya. Hukuma ce ta duniya ta tuna musu abin da Sistocin da suka kafa su suka sani ba tare da ofis ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Za a ce ai asibitocin mishan suna da asusun matalauta, kuma gaskiya ne, da yawa suna da shi. An sha yafe wa mutane kuɗin tiyata, an sha sallamar mai jego ba ta cika biya ba. Amma a duba yadda ake kaiwa ga asusun. Ba a rubuta shi a allo ba, don tsoron kada kowa ya ce shi matalauci ne. Jinƙai ne na raɗa. Wanda ya san da shi shi ne wanda ya san Fada, ko matar da ke cikin zumuntar mata, ko wanda katikis ya rubuta masa 'yar takarda. Bahaushiyar da ke sayar da fura a bakin tasha ba ta san Fada ba, ba ta san akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, in ma ta sani kunya da tsoron abin da za a ce a unguwa ba za su bar ta ta shiga gidan Fada ba. Ba wanda ya yi niyyar ware ta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ga shi kuwa Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta Deus Caritas Est ta 2005, ya gargaɗi Ikkilisiya kada ta mai da aikin ƙauna ƙugiyar kama mabiya. Masu asibiti sun kiyaye wannan ta fuska ɗaya, ba su tilasta wa kowa baftisma kafin allura. Ta ɗaya fuskar kuwa ba su lura ba: in rangwame yana bin hanyar sanayyar coci, to, zama ɗan coci ya zama kuɗi ke nan, ko ba a faɗa ba.

Sai maganar harshe, wadda masu rubuta manufa ba su cika tunawa da ita ba domin su da Faransanci suke tunani. Ma'aikacin asibiti a Lome yana jin Faransanci da Ewe ko Mina, wani da Kabiye. Tsohuwar da aka kawo daga Dogondutsi ko Birnin Konni wurin ɗanta a Zongo ba ta jin ko ɗaya. Sai a kira jikanta ɗan shekara goma ya yi tafinta, a tambaye ta ciwon da mace ba ta iya faɗa gaban jikanta, ta ce kanta ne ke ciwo, a ba ta maganin ciwon kai. An karɓe ta da fara'a, an bi ƙa'ida, an sallame ta da cutarta. Wannan matsala ba sabuwa ba ce a cikin Ikkilisiya. Gunaguni na farko da aka rubuta a Ayyukan Manzanni, sura 6, a kan haka ne: gwauraye masu jin Helenanci ana tsallake su wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kira taron koyar da tausayi ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma duk wanda ya duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas, zai ga sunayen Helenanci ne. Wato an ɗauko masu rabo daga cikin waɗanda ake tsallakewa. Kiristoci masu jin Hausa a Lome ba su da yawa, sau da yawa ma ana ganinsu kamar baƙi a coci, kamar baƙi a Zongo. Ga aikin da ba mai iya yi sai su, mace ga mata, namiji ga maza, in da za a neme su a kuma biya su ladansa.

An taɓa gwada mayar da Basamariye wurinsa, kuma a gidan 'Yan'uwan Yohanna na Allah aka gwada. A 1989 mutanen ƙauyen Fandene kusa da Thies a ƙasar Senegal, yawancinsu Kiristoci, suka kafa asusun lafiya na haɗin gwiwa. Kowane gida yana zuba ɗan abu kowane wata, kamar adashe, sai dai ba a kwasa bi da bi, mai ciwo ne ke kwasa. Asibitin Waliyyi Yohanna na Allah na Thies ya yarda ya rage wa 'yan asusun kuɗin kwanciya har zuwa rabi, tun da ya san kuɗinsa ba zai maƙale ba. Ƙauyuka da yawa suka kwaikwaya. Wani masani Bajamushe, Johannes Jütting, ya bincika waɗannan asusai wajen shekara ta 2000, ya tarar 'yan asusu sun fi zuwa asibiti, sun kuma fi biyan kaɗan. Amma ya tarar da abu biyu da ya kamata a karanta wa kowane kwamitin coci. Matalauta na can ƙasa ba su shiga ba, domin ko ɗan abin zubin ya fi ƙarfinsu. Kirista kuma ya fi Musulmi shiga, gama ta hanyar coci labarin ya bi. Dabarar ta yi aiki, amma ta tsaya daidai inda zumuncin coci ya tsaya. Wanda ya kwafe ta haka ɗungum ya kawo Agoe, zai gina laima ne a kan 'yan majami'a, Zongo na tsaye cikin ruwa.

Abin mamaki, Zongo ta daɗe da sanin aikin na ukun nan, da sunansa ma. Tun zamanin fatauci, baƙon da ya sauko da shanu ko albasa daga arewa ba ya kwana a tasha, wurin mai gida yake sauka. Mai gida ne ke ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, in kuma an ɗauki kaya bashi, shi ne ke tsayawa lamuni. Mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, amma dukansu sun san mai gida, sun san ba zai zubar da sunansa saboda kuɗin sa ɗaya ba. In baƙo ya kwanta ciwo mai gida ne ke ɗawainiya, in ya rasu shi ke neman likkafani. Da irin wannan amana aka yi cinikin dukiya mai yawa ba tare da takarda ba. Mutanen da suka iya ba da garken shanu a kan maganar mutum ɗaya, asibiti ya kāsa ba ɗansu ƙarin ruwa leda biyu sai an ga kuɗi a hannu. Ba don su marasa amana ba ne. Asibitin ne bai san wanda zai tambaya ba, domin bai taɓa zama da sarkin Zongo da limamai da shugabannin matan kasuwa ya ce, wa zai tsaya wa wa?

Mai riƙe da asusu zai ce, in aka fara magani kafin biya, mutane za su gudu da bashi, wanda ya sami kuɗin anko da ragon suna zai zo ya ce ba shi da ko dala. Yana da gaskiya, ana yin haka, Kirista da Musulmi duka. Amma dalilin da ya sa ake iya ruɗinsa shi ne shi kaɗai ne a bayan taga, bai san kowa ba. Maƙwabci ya san wanda ya kwana da yunwa da wanda ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba kowace cuta ake magana ba. Mai ciwon baya na shekara uku yana iya jira ya harhaɗo kuɗi. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, da macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, da ɗan acaɓan da mota ta buge a kan babbar hanya, waɗannan sa'a ɗaya ta zuwa neman rance tana iya zama ajalinsu. Ko da a kan waɗannan kaɗai aka tsai da doka cewa hannu kafin rasiti, aka rubuta ta a bakin ƙofa da Faransanci da Ewe da Hausa, da boko da ajami, aka kuma sa asusun da ke biyan abin da ya maƙale, da allon bango ya fara faɗin gaskiya.

Daga ina asusun zai fito? Wanda ya ga yadda ake jana'iza a Lome ba zai ce babu kuɗi a hannun Kiristoci ba. Ana ajiye gawa makonni a ɗakin sanyi ana biya, a tare titi da rumfuna, a ɗinka anko, a ɗauko masu badujala, a dafa abincin ɗaruruwan mutane. Sau da yawa marigayin nan da ake kashe wa wannan dukiya, takardar maganinsa ta ƙarshe rabi aka saya. A nan maƙwabtan Zongo, masu binne mamacinsu a yini ɗaya cikin farin ƙyalle, suna da abin koyarwa. Haka kuma ana tara kuɗin hasumiya da tayil da sabuwar motar Fada, ana kiran sunayen masu bayarwa a lasifika. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992, ana yinta kowace 11 ga Fabrairu. A wurare da yawa abin da ake yi shi ne Mas, da shafe marasa lafiya da mai, da kai sabulu da sukari ɗakunan jinya. Sabulu yana da amfani. Amma da baikon wannan rana da wani kaso na godiyar kaka za su tafi asusun lamuni, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na gini, nawa ya shiga, mutum nawa aka tsaya wa, nawa suka komo suka biya, da ya fi. Wasiƙar Africae Munus, wadda Benedict na 16 ya sa wa hannu a Wida ta ƙasar Benin a 2011, ta nemi a riƙe kuɗin asibitocin Ikkilisiya a fili domin amfanin maras lafiya. Fili kuwa ya haɗa da a san adadin waɗanda aka juya.

Gwamnati ta motsa, ba a musu. Ta kafa inshorar lafiya ta ma'aikatanta a 2011, ta fito da shirin Wezou na mata masu ciki da jarirai a 2021, ta kuma ƙaddamar da inshorar lafiya ta kowa da kowa ran 1 ga Janairu 2024. Sai dai da masu albashi aka fara, waɗanda ake iya yankar kuɗin daga albashinsu. Kwanaki kaɗan kafin wannan rana, a watan Disamba na 2023, gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Asiyeye, mata da yawa suka wayi gari ba jari ba kaya, sai bashin da suka ɗauko don cinikin Kirsimeti. Irin waɗannan, ko an buɗe musu ƙofar inshora, zubin kowane wata yana bukatar mai shigar kuɗi kowane wata. Kullum za a sami wanda ya faɗo ta tsakanin shirye-shirye: baƙon da ba shi da takardar ƙasa, almajiri, bazawarar da 'ya'yanta suka watse, mai taɓin hankalin da danginsa suka gaji. Asibitin mishan da ya cika da masu katin inshora zai sami sauƙin biyan albashi, wannan alheri ne, amma a nan ne kuma zai fi sauƙin mantawa da wanda aka gina shi dominsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Asibitin da ke karɓar gudummawa da sunan matalauta ya riga ya ci ladan.

Shi kansa Yohanna na Allah bai tsira daga maganar kuɗi ba. An kai ƙararsa wurin Babban Bishop na Granada, Pedro Guerrero, cewa yana tara 'yan iska da karuwai a gidansa, bai kuwa kori ko ɗaya ba. Abinci da bargo da itacen wuta da bara ba ta kawo ba, bashi ya riƙa ɗauka da sunansa, har wani lokaci yana jin nauyin fita saboda masu binsa. Yana da littafi da yake rubuta basussukan, na abin da ake binsa saboda marasa lafiya. Da ciwon ajali ya kama shi a 1550, Babban Bishop ya zo duba shi, Yohanna ya gaya masa damuwarsa, ya miƙa masa littafin. Guerrero ya karɓa ya ɗauki nauyin biya. Yohanna ya rasu ran 8 ga Maris na wannan shekara, yana da shekara 55.